Zuwa ga Taubashina, Daraktan Kasuwar Adabka

Ɗan Gwaggo, barka da arziki. Na so in bari sai kunyar ta ɗan sake ka kafin in yi magana, amma haƙƙin ubangida ne ya leƙa bawansa idan ya yi ɓari. Tun da kai ɗan mace ne ni ɗan namiji, wannan shari'ar an yanke ta tun ba ka yi haƙori ba. Gyara zama.

Masu karatu ba su san abin da ya faru ba. Bari in ba su, kai kuma ka gyara mini inda na rage. Ban ce inda na ƙara ba.

Taubashina ya sayar da tumaki biyu da buhun gero ya sayi waya mai ido uku a ƙeya. Ya haɗa da sanda mai ƙafa uku, da wani ɗan makirfo mai gashi da yake maƙalawa a wuyan riga kamar ɗan tsakon da ruwa ya daka. Tun daga ranar ya daina amsa sunan yanka, sai Darakta. Da ya ishi mutanen Gummi, har mai shayi ya koyi juya baya in ya hango shi, sai ya ce zai fita ya nuna wa duniya al'adunmu. Ya shiga mota ya sauka Adabka ranar kasuwa.

Ina Anka bayan azahar waya ta shigo da lambarka, amma muryar ta wani dattijo ce. Ya ce akwai wani yaro a hannunsu, ya ce wai ni ne ubangidansa. Ka ji ko? Da bakinka, a gaban shaidu. Shekara talatin kana musu, yini ɗaya a Adabka ya raba gardama.

Sun sa ka goge abin da ka ɗauka, ka goge. Sai dai daga kai har su ba wanda ya tuna waya tana da kwandon shara inda abin da aka goge yake kwana. A nan na gan su da ka zo Anka kana huci. Na farko a kara ne. Dillali ya kama hannun mai saye ya yi masa raɗa, aka sallama, mutumin ya ɗaga riga ya zaro damin 'yan dubu-dubu daga aljihun ciki yana ƙirgawa da yawu a yatsa. Fuskarsa tar, har tsagar da ke kumatunsa. Bayansa ga bijimai biyu da ya saya, ga lambar motar da za ta ɗauke su. Muryarka kuma tana bisa, cike da alfahari: "Jama'a kun ga yadda kuɗi ke yawo a Adabka!" Na biyu wata 'yar talla ce da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, da ƙwaryar fura a gabanta. Tana jan gefen hijabi tana rufe baki, kana matsawa kana cewa ta ɗan yi murmushi mana. Daga nan sai muryar wata tsohuwa daga gefe: "Kai wanga! Ɗiyar wa kaka ɗauka? Wa ab ba ka?" Sai ludayi ya gifta. Sauran bidiyon sararin sama ne da ƙafafuwan mutane da muryar Darakta yana cewa a tsaya a ji.

An ce da samarin da ke gadin kasuwa suka kai ka zaure, ka miƙe ka ce kasuwa wurin jama'a ce, doka ta ba ka dama. Har ka zaro wani kati mai hotonka da aka buga maka a shagon kwamfuta, an rubuta ɗan jarida da jan baƙi. Dattijon ya ce mini ya juya katin gaba da baya, ya tambaye ka wace jarida, ka ce TikTok.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ka yi mini bayan ka sha ruwa ka dawo hayyacinka. Ka ce in binciko maka ofishin da ake yankar takardar izinin ɗaukar hoto, ko nawa ne za ka biya, don kada wani ya sake taɓa ka. To na bincika, kyauta, don ban saba karɓar kuɗin bawa ba.

Takardar da kake nema babu ita. Rabin maganarka ta zaure gaskiya ce, kuma ka rubuta wannan ranar don ba za ka sake jin na faɗa ba. Ba wata dokar tarayya da ta ce sai mutum ya yanki takarda kafin ya ɗaga wayarsa a bakin titi. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka da neman labari da yaɗa shi. Amma da ka ɗan koma baya da sashe biyu, da ka tarar da na 37, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da maganarsa ta waya. Na 39 naka ne, na 37 na mai bijimai ne da jikar mai ludayi. Littafi ɗaya ne, kai shafinka kawai ka karanta, kamar yadda ka yi wa allo muna yara.

Sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, aka kafa mata hukuma a Abuja. A idon wannan doka, duk abin da za a gane mutum da shi bayaninsa ne, fuska kuwa ita ce kan gaba. Ta jero dalilan da ke halatta amfani da bayanin wani, na farkonsu yardar mai shi. Ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yarda yau yana iya janyewa gobe. Wanda bai kai shekara 18 ba, yardar iyaye ko mai riƙonsa ake nema. Ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya ɗauka don amfanin kansa da gidansa, irin hoton suna da na Sallah, ta kuma sassauta wa aikin jarida da na fasaha idan akwai maslahar jama'a a ciki. Yanzu ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wace maslahar jama'a ce a cikin murmushin dole na 'yar mai fura? Kai mabiya kake nema, da kuɗin da aka ce TikTok na biya, wanda har yau ban ga ka sayi ko goro da shi ba. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu laifi tana iya kai naira miliyan 2. Tumaki nawa suka rage a gidan Gwaggo?

Wurare kuma ba duka suke ɗaya ba. Tun 1962 akwai dokar sirrin gwamnati da ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. 'Yan sanda dai, kakakinsu na ƙasa a lokacin, Muyiwa Adejobi, ya faɗa a fili a 2023 cewa ɗaukar ɗan sanda hoto yana bakin aiki ba laifi ba ne. Na san za ka so wannan. Amma in motarku ta tsaya a shingen sojoji tsakanin Anka da Daki Takwas, ina roƙonka don darajar Gwaggo ka bar wayar a aljihu, kada ka tsaya karanto wa mai bindiga abin da wani ya faɗa a Abuja. Na kuma ji kana cigiyar ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Shi kam yana da takarda, har biyu: ta hukumar kula da sufurin jiragen sama da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kuma jihar da kake son tashinsa ita ce wadda gwamnatin Buhari ta haramta shawagin jirage a samaniyarta a watan Maris na 2021. Ban da haka ma, ka taɓa tunanin abin da jirgin zai gani in ya haye katanga? Kakanninmu sun gina zaure, jikokinsu sun rubuta "ba a shiga" da gawayi a bakin ƙofa, duk don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Kai kuma za ka aika ido ta sama ya tarar da matan mutane suna daka.

In fim na sosai kake so, wannan hanyarsa daban. Akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, Kano ta kafa tata a 2001, kuma duk ɗan Kannywood zai gaya maka yadda bidiyon waya guda ɗaya da ya fita a 2007 ya sa aka dakatar da sana'ar mutane wata da watanni. Amma kai ba ka kai nan ba, mu wuce.

Abin da nake so ya shiga kanka shi ne takarda ba laya ba ce. Ka tuna fim ɗin BBC na watan Yulin 2022 a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya gabatar. Ka lura da sunan garin da ke bayan sunansa, ka ga inda ake haihuwar masu riƙe kyamara na gaske. Shi ya shiga daji ya zauna da mutanen da ake tsoron ambaton sunansu, ya zauna da waɗanda aka kashe wa 'yan uwa. Da fim ɗin ya fita, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ce an kambama 'yan ta'adda. A watan Agusta hukumar NBC ta ci tarar naira miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin kamfanonin da suka haska shi, DStv da Startimes da TStv, ta kuma ci Trust TV irin wannan tara saboda nasu fim ɗin a kan matsalar. Sai a farkon 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke tarar. A watan Oktoba na 2022 kuma gwamnatin Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau, har da NTA da Pride FM da Gamji, saboda sun ɗauki taron siyasar 'yan adawa, kafin ta janye bayan an yi ca. Waɗannan duk masu lasisi ne, masu lauyoyi, masu ofis da tuta. In guguwa ta kayar da rimi, ina labarin katinka na shagon kwamfuta?

Yanzu bari in ajiye wasa minti biyu, don akwai abin da na gani da idona kana can Gummi kana kiwon tantabaru.

A 2010, da gubar dalma ta fara kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru da Bagega, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ce ta fara gano abin. Yara aƙalla 400 suka rasu. Mutane suna niƙa dutsen zinari a cikin gida, ƙurar tana sauka a ƙasan da jarirai ke rarrafe. Ba a taɓa kawo kyamarori ƙasar nan kamar lokacin ba. Na ga uwa zaune a bakin gado, ɗanta yana sanƙarewa a cinyarta, baƙo ya durƙusa a gabanta da kyamara mai dogon hanci. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, don hankalinta ba ya nan. Ba zan ce hotunan ba su yi rana ba. Da ba don su ba, da rahoton Human Rights Watch na 2012 da matasan da suka yi ta kururuwa a intanet a kan Bagega ba su girgiza kowa ba, kuma a 2013 aka saki kuɗi aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin. Amma yaran da suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun isa aure, kuma hotonsu na ranar da suka fi kowace rana wahala yana nan, kowa ya nema zai samu. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu suna da takardar amincewa da ake karanta wa uwa da Hausa kafin ta dangwala. Ko ita ɗin, nakan tambayi kaina ko an gaya wa matar ƙauye cewa wannan hoton ba irin na mai hoton Sallah ba ne da ke koɗewa a bango, cewa zai riga ta zuwa garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba kuma ba zai dawo ba. Waɗancan rai suka zo ceta, amma abin yana damuna har yau. Kai da ka zo neman mabiya fa?

Abu na biyu ya fi wannan kusa. Ka san 'yan bindiga ne suka sa a watan Satumba na 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar shanu. Ka san kisan da suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022. Ka san kalmar da ta fi kowace muni a ƙasar nan yanzu ita ce infoma, kuma an rasa rayuka a kanta, da masu laifi da waɗanda tsautsayi ya faɗa wa. Mutanen daji ba sa yanka kuɗin fansa da ka, sai sun ji abin da mutum ya mallaka. Su ma suna da waya, suna TikTok ɗin nan da kake yi, wasunsu sun fi ka mabiya. To me ka shirya aika musu? Fuskar mai kuɗi, da adadin abin da ya ƙirga, da bijimansa, da lambar motar da zai bi. Infoma sai ya yi sati yana bin mutum kafin ya haɗa abin da ka haɗa a minti ɗaya da rabi, kuma shi biyansa ake yi. Samarin nan da suka riƙe ka ba sashe na 37 suke karewa ba, ba su ma san da shi ba. Baƙo suka gani yana ɗaukar hoton kuɗin mutane a kara. Ka gode wa Allah akwai dattijo a wurin, kuma wautarka a fili take, kowa ya kalle ka ya san ba ka da wayon infoma.

Abin da ya fi ba ni mamaki garin da ka fito. Gummi fa, garin alƙalai. Garin da ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Garin da sarkinsa, Mai shari'a Lawal Hassan Gummi, ya taso daga kujerar babban alƙalin babbar kotun Abuja a 2013 ya hau gadon sarauta. A ce duk wannan shari'ar da ke yawo a iskar garinku, ba ka shaƙi ko ta sallama ba? Tun muna makarantar allo Malam ya koya mana daga Suratun Nur cewa ba a faɗa wa gidan mutane sai an nemi izini, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Lokacin kana bayan aji kana cin ƙuli-ƙulina.

Izinin da kake nema a ofis a bakin mutane yake, kuma da ƙafa ake zuwa karɓarsa. Kasuwa tana da sarkinta, kara tana da sarkin shanu, gari yana da mai shi. Da ka sauka Adabka ka fara da zauren da aka kai ka daga ƙarshe, ka cire takalmi ka gaida mutane ka ajiye ɗan goro ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka, da yaro za a haɗa ka da shi ya zaga da kai, har ya nuna maka tsohon maƙerin da zai ji daɗin a ɗauke shi. Amma yardar sarkin kasuwa ta shiga kasuwa ce kawai, ba shi ya ajiye wa mutane fuskokinsu ba. Kowane mutum sai ka tambaye shi da kansa, ka gaya masa gaskiya cewa intanet za ka sa, ba wai don tarihi ba kamar yadda kuka iya cewa. Masu aikin sosai sukan fara ɗaukar mutum yana faɗin ya yarda da bakinsa, su ajiye wannan. In ya ce a'a, ka sauke waya ka sayi abin da yake sayarwa ka wuce. Yarinya kuwa uwarta ake nema, in ba ta nan ga kakarta, ka ma san ta, ludayinta ya san ka. Kuɗi da shanu da hanyar da fatake ke bi da fuskar masu gadin gari, waɗannan ko an ce ka ɗauka kada ka ɗauka, don wanda ya ba ka izinin ba shi kaɗai abin zai shafa ba.

Ka ce in Allah ya kai ka Makka a can za ka huce, ka ɗauki duniya. To ka sani dokar Saudiyya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal dubu 500 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Can kuma ba ni da lambar dattijon da zan roƙa.

Kano ma ba mafaka ba ce. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a can ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu da tarar naira dubu 10 saboda ɓata sunan Gwamna Ganduje, ta kuma ce su share harabar kotu kwana 30. Wannan na ƙarshen ne kawai bai ba ni tsoro a kanka ba, don shara gadonka ce. Af, tun da an zo nan: kuɗin sharar bana kada ka sa rai. Na cire katin wayar da na ƙone ina ba da haƙuri, na cire goron da na aika wa dattijo, na cire kuɗin ludayin tsohuwa da ya tsage. Da na yi lissafi, kai ne ma za ka ciko mini.

Saura magana ɗaya. Shekaranjiya wani ya turo mini bidiyo daga Adabka. Ashe lokacin da kake zaure, wani yaro yana bakin ƙofa da tasa wayar. Ga ka zaune a ƙasa dirshan, hula a gwiwa, ɗan tsakon makirfo ya karkace ya koma kafaɗa, kana rantsuwa kana cewa a kira ubangidanka a Anka. Sau uku ka faɗa, na ƙirga. Hasken ya yi kyau, muryar ta fita tas, yaron ya fi ka iya riƙe waya. Bai tambaye ka ba kafin ya ɗauka, amma ai zaure wurin jama'a ne, ko ba haka ka ce ba?

Ni dai mai bin doka ne, shi ya sa nake neman izininka a rubuce, a gaban masu karatu, in sa shi a zauren WhatsApp na dangi, inda Gwaggo da matarka da surukanka suke. Ina jiran amsa zuwa Juma'a. Na san dokar 2023 ta ce shiru ba yarda ba ne, amma ni a wurin Malam na yi karatu, kuma ka san abin da ya ce mana a kan shirun budurwa.